Tambaya da Amsa: In bar ɗana ya shiga aikin yashe kwata da dashen itace?

Tambaya: Assalamu alaikum Baba. A Sawaba nake zaune, nan Kumasi, ina sayar da koko da ƙosai. Uban 'ya'yana ya rasu. Ɗana na biyu shekararsa 19, ya gama JHS amma sakamakon BECE bai yi kyau ba, tun daga nan yake zaune. In ya fita majalisa da safe sai dare. Abokansa biyu sun tafi galamse, wato haƙar zinariya ta bayan fage, ɗayan ya dawo da babur, kullum maganarsa ke nan. Kwanan baya mutanen wata ƙungiya suka zo masallacin unguwarmu bayan sallar Juma'a, suka ce za su ɗauki matasa marasa ƙarfi su koya musu aiki na wata shida: yashe kwata, tara roba da dashen itace, kuma za su riƙa ba su ɗan alawus. Yaron yana so. Amma baffansa ya ce atafau, wai aikin bola ne, ɗan gidansu ba zai shiga kwata ba, kuma wa zai ba shi mata. Ya ce a kai shi Magazin, unguwar makanikai ta Suame, ya koyi kanikanci, ni kuwa kuɗin da masta yake nema da na kayan aiki ba ni da su. Baba, ina mafita?

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya jiƙan maigidanki, ya raya abin da ya bari, ya sa albarka a kaskon ƙosan nan.

Ki bar shi ya je. Amma kada ya sa hannu a takarda sai ke da baffansa kun taka kun zauna da mutanen nan, kun ji daga bakinsu abin da zai rage a hannun yaron ranar da alawus ya tsaya. Alawus zai tsaya, wannan ba shakka, domin kowane shiri irin wannan yana da wa'adi.

Ni a gandun renon dashe na yi ƙuruciyata da tsufana, a bakin dazuzzukan ƙasar Asante, kuma a gabana ayarin matasa suka yi ta zuwa suna wucewa da sunaye iri-iri. A 2006 gwamnati ta kafa NYEP, shirin samar wa matasa aiki, daga baya ta koma GYEEDA, a 2015 aka yi doka ta zama YEA, kuma a kowane zamani akwai sashen shara da tsabtace gari a ciki. A 2018 Hukumar Gandun Daji ta ɗauki dubban matasa aikin dashe, jaridu kuma sun sha kawo labarinsu suna kukan an riƙe musu alawus wata da watanni. A watan Yuni na 2021 aka fara ranar Green Ghana da burin dasa itace miliyan 5, shekara ta biyu aka ce miliyan 20. A 2025 Shugaba Mahama ya ƙaddamar da nasa shirin, Tree for Life, a Nkawie, nan kusa da mu. Saboda haka aikin ba sabo ba ne, ba kuma wasa ba ne. Abin da na gani da idona shi ne yara biyu za su shiga rana ɗaya, su sa riga iri ɗaya, su karɓi kuɗi ɗaya. Ɗaya ya fita ya iya riƙe tsintsiya da tura baro kawai, abin da ya riga ya iya tun yana ɗan shekara goma. Ɗayan ya fita da sana'ar da zai ci abinci da ita har ya mutu. Wani lokaci laifin yaron ne. Sau da yawa kuwa tun asali masu shirin lebura suke nema mai araha, sai suka sa masa suna horaswa.

Shi ya sa in kun je, tambayar farko ita ce: wa zai koyar? Ba shugaban ƙungiya mai jawabi a masallaci ba, mutumin da zai tsaya a kan yaron da safe. Ku ce a nuna muku shi, a nuna muku inda yake aiki. In sun ce za su koya dashe, ku ce ku ga gandun. In babu rumfar inuwa, babu rijiya ko famfo a kusa, babu ledojin dashe a jere, to dashen da suke nufi na gaban kyamara ne, a haƙa rami a sa itace a ɗauki hoto a watse. Ku tambaye su kuma a cikin kwanakin mako nawa ne na shiga kwata, nawa ne na koyo. Wanda ya san abin da yake yi zai amsa nan take. Sannan ku nemi a haɗa ku da yaro ɗaya ko biyu daga cikin waɗanda suka gama a baya, ku ji abin da suke yi yanzu.

Bari in ɗan nuna miki abin da nake kira koyo, don ki gane in yaron ya dawo gida yana ba da labari. Ƙwallon itacen tik yana da taurin ɓawo, in ka zuba shi a ƙasa haka nan sai ya yi ta kwana bai tsiro ba. Sai an jiƙa shi da dare an shanya da rana, an yi ta maimaitawa har mako ɗaya ko biyu, kafin a zuba a fangali. In ya tasa ya yi ƙwari, a tumɓuke shi a datse kansa a bar ɗan guntu, a rage saiwar ta koma kamar taƙi ɗaya. Wannan ɗan kututturen ne ake ɗauka a buhu a kai daji, ba ya buƙatar leda, ba ya karyewa a mota. Irin sedrela kuwa akasin haka ne, ba ya jure ajiya, in ka bar shi ya daɗe a ɗaki ya mutu. Maɗaci yana da tsutsar da ke huda kan reshe ta sa itacen ya yi rassa tun yana ƙarami, katakon ya lalace, shi ya sa ba a cika dasa shi zalla ba, ana cakuɗa shi da wasu. Ƙasar da za a cika leda da ita sai an haɗa ta sama da yashi da ruɓaɓɓen taki, a tankaɗe. Ledar piya wata ɗin nan da ta cika mana kwata, in aka yanke bakinta aka huda gindinta, tukunyar dashe ce ta kyauta. Makonnin ƙarshe kafin a fitar da dashe, ana rage masa inuwa da ruwa a hankali don ya saba da wahala, in ba haka ba rana ɗaya a fili ta kashe shi. A daji ana ja igiya ana kafa turaku mita 3 tsakani ta kowane gefe, hekta ɗaya ta ci dashe 1,111. Bayan an dasa ne ma aikin yake farawa: noman ciyawa, maye gurbin waɗanda suka mutu, da share layin wuta kafin hunturu. Mu nan muna da damina biyu, babba daga wajen Afrilu zuwa Yuli, ƙarama daga Satumba zuwa Nuwamba, kuma wanda ya yi lattin dashe ya sa iri a ƙarshen ƙaramar, hunturu zai ci masa rabi.

In ɗanki ya dawo bayan wata biyu yana irin wannan magana, ki gode wa Allah. In kullum labarinsa "yau mun kwashe tirela kaza", ki koma ki tambaye su.

Abin da na fi so ya nace a koya masa shi ne auren itace. Ana shuka ƙwallon mangwaron gida, in ya kai kaurin fensir a datse shi a tsaga, a yanko reshe daga mangwaro mai daraja irin Keitt ko Kent a fere shi ta gefe biyu, a cusa a tsagar yadda ɓawo zai haɗu da ɓawo, a ɗaure da leda tam. Cikin mako uku zuwa huɗu za ka ga ido ya ɓullo in ya kama. Mangwaron aure yakan fara 'ya'ya a shekara ta uku ko ta huɗu, na ƙwallo kuwa sai a ninka jira. Haka lemo, haka kashu, haka fiya. Wuƙa ce mai kaifi da leda da tsayayyen hannu, babu wani jarin kirki, amma dashen da aka yi wa aure ya ninka wanda ba a yi wa ba kuɗi. Dalilin da ya sa na nace a kan wannan: itacen daji irin su kasiya da tik gwamnati na raba su kyauta a ranakun dashe, saboda haka ƙaramin mai gandu da ya dogara da su kaɗai zai sha wuya. Amma mai sabon gida a bayan gari da ke son mangwaro da kwakwa da furanni a tsakar gidansa, da manomin da zai buɗe gonar lemo, kuɗi suke fitarwa. Ki lura da masu furanni a bakin manyan titunan garin nan, ba don nishaɗi suke zaune a wurin ba.

Wanda ya iya aikin gandu kuma yana da inda zai nemi aikin wata. Akwai kamfanonin da ke da manyan gonakin katako a yankinmu, kamar Form Ghana a Akumadan da Miro a wajen Agogo. Akwai cibiyar binciken daji ta FORIG a Fumesua. Akwai ramukan da galamse ta bari a bakin kogunan Offin da Pra da Oda, waɗanda ko ba jima ko ba daɗe sai an cike su an dasa, kuma masu wannan aikin dashe za su saya. Akwai kuma tsarin Taungya da aka gyara a 2002, inda ake ba manomi yanki a dajin gwamnati da ya lalace, ya dasa itace ya shuka masara da gwaza da agade a tsakani har inuwa ta rufe, amfanin gonar nasa ne, ranar da aka sare katakon kuma kashi 40 cikin 100 na manoma ne, 40 na hukuma, 15 na masu ƙasa, 5 na al'ummar bakin dajin. Sai dai mutanen ƙauyukan da ke kusa da dajin ake fara ba, kuma tik yana ɗaukar shekara ashirin ko fiye, don haka ban ce yaron Sawaba ya sa ransa a nan ba tukuna.

Yanzu maganar kwata. Ba zan ɓoye miki ba, aiki ne mai ƙazanta kuma mai haɗari in ba kayan kariya. Kada ya shiga sai da dogon takalmin ruwa da safar hannu mai kauri, domin ƙasan kwatocinmu cike yake da fasassun kwalabe da allurai da tsatsan gwangwani. A yi masa allurar tetanus kafin ranar farko. Kwalbati rufaffe kuwa kada ya kuskura ya shiga shi kaɗai, iskar da ke taruwa a ciki tana sumar da mutum kafin ya yi ihu. Ki tambaye su in yaro ya ji rauni wa zai biya asibiti, kuma ki tabbata katinsa na inshorar lafiya bai mutu ba. Ki kuma tambaya ina ake kai abin da aka yaso. Duk mun saba gani a Aboabo da Asawase: a yaso yashi da leda a tara a bakin kwata, a tafi, ruwan farko ya mayar da shi inda ya fito. Ƙungiyar da ba ta tanadi aboboya (babur mai ƙafa uku na ɗaukar kaya) ko mota ta kwashe ba, ba ta san aikinta ba.

Shiga kwata da shebur ba sana'a ba ce, amma akwai sana'o'i a gefenta. Wanda ya buɗe ido zai koyi yadda ake zuba kankare a gina magudana da gangaren da ruwa ba zai kwanta ba. Ya fi wannan ma, ginin masai na zamani mai narkar da bayan gida a ɗan ƙaramin akwati, wanda aikin ruwa da tsabta na Bankin Duniya ya yaɗa a Accra sannan aka kawo shi Kumasi. Ke kin san gidajen haya nawa ne a zangonninmu mutum talatin ba masai ko ɗaya, mata da tsofaffi suna bin layi a na kasuwa da asuba. Yaron da ya iya gina wannan da haɗa bututunsa ba zai rasa aiki a unguwarku ba. In ƙungiyar tana koyar da shi, wannan kaɗai ya isa dalilin shiga.

Sai takarda. Takardar da ƙungiya ke bugawa da hoton shugabanta ta ado ce a bango. Ku tambaya ko za su yi wa yaran rajistar jarrabawar ƙwarewa ta NVTI, cibiyar koyar da sana'o'i ta ƙasa, ko wata da CTVET, hukumar kula da ilimin sana'a, ta amince da ita. Jarrabawar ƙwarewar an yi ta ne don irin ɗanki, aikin hannu ake dubawa da tambayar baki, ba dogon Turanci ba. Game da kuɗi, mafi ƙarancin ladan yini a ƙasar nan a 2025 sidi 19.97 ne. Alawus na mai koyo yakan gaza haka, kuma in da gaske koyo ake yi ban ga laifi ba. Amma in kwana biyar a mako yana cikin kwata ana ba shi ƙasa da wannan, to ba ɗalibi ba ne, ma'aikaci ne da ake cuta. A rubuta adadin da ranar biya. Duk abin da ya shigo kuma, ki karɓi wani abu ki zuba masa a adashi, domin ranar da aka sallame su ya sayi baro da butar ban ruwa da wuƙar aure, ko cokalin gini da ma'aunin ruwa. Yara da yawa sun koyi aiki sun zauna don rashin kayan da kuɗinsu bai kai na wayar hannu ba.

Baffansa kuma kada ki yi jayayya da shi, amanar ɗan'uwansa yake ji a wuyansa, kuma Magazin da ya ambata wuri ne mai albarka, Suame ta ciyar da gidajen zango da ba su ƙirguwa. Ki ce masa wata shida ba ta hana shekara ukun koyon kanikanci, in yaron ya tara ɗan abin hannu ma shi zai biya kuɗin mastan da kansa. Injinan niƙa roba da aboboyar kwasar shara duk makanikai da masu walda suke nema. Maganar kunya ce ban yarda da ita ba, kuma ki gaya masa Baba ne ya faɗa, da girmamawa. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya lissafa kawar da abin cutarwa daga hanya cikin rassan imani, ya kuma ce babu Musulmin da zai dasa itace mutum ko tsuntsu ko dabba su ci face ya zama sadaka a gare shi. A 2014 kwalara ta kama mutum sama da dubu 28 a ƙasar nan, ta kashe fiye da 200. Ranar 3 ga Yuni 2015 kwatocin Accra suka toshe, ruwa ya cika shataletalen Circle, man fetur ya bi kan ruwan wuta ta tashi, mutum sama da 150 suka rasu a dare ɗaya. Rafin Aboabo da ke ratsa mu, kowa ya san halin da yake ciki da abin da yake yi wa gidajen bakinsa in an yi ruwa mai ƙarfi. Ruwan famfon da baffan ke alwala da shi daga Barekese da Owabi yake zuwa, kuma dajin da ke kewaye da madatsun nan ne ke riƙe su. Wanda ke gyara waɗannan ba abin a ɓoye shi ba ne. Mata kuwa, ni dai ban taɓa ganin an hana mai sana'a mai sallah mata a zango don tufafin aikinsa na datti ba. Wanda ake gudu shi ne mai zaman majalisa da kwalbar tiramol a aljihu, da wanda rami ya rufta da shi aka kawo gawarsa, ko ma ba a kawo ba. Ku je tare da baffan, a ba shi girmansa, shi ya yi tambayoyin.

Tambaya: Baba barka da aiki. Ni ɗan kwandam ne, mai saye da sayar da tsofaffin ƙarfuna, shekarata 24, ina harka tsakanin Akwatia Line da Dagomba Line. Ana ta cewa mu shiga horaswar sarrafa shara mu daina ƙona wayar lantarki don fitar da jan ƙarfe. Gaskiya abin da nake samu a rana mai kyau ya fi alawus ɗinsu na mako. Ina aika wa iyayena a arewa. Sai dai tari ya dame ni, ya kai wata biyu, da dare ƙirjina kamar an ɗora dutse. Me zai sa in bar abin da ke ciyar da ni?

Amsa: Ɗana, kafin komai, gobe ka tafi asibitin gwamnati a duba ƙirjin nan. Tarin da ya wuce mako biyu ana gwada shi don tarin fuka, gwajin da maganin duk kyauta ne. Ka gaya wa likita aikin da kake yi ba tare da ɓoyewa ba. In katin inshorarka ya mutu, ana sabunta shi ta waya da *929#.

Ban ce ka bar kwandam ba. Sana'a ce, kuma ku ne kuke yi wa garin nan aikin da ba wanda ya gode muku. Wutar nake so ka bari. Robar da ke jikin waya in ta ƙone tana fitar da guba da ke zama a jiki shekara da shekaru, ga dalma da ke shiga jini ta taɓa ƙwaƙwalwa da ƙoda, ka kuma kwaso ta a tufafinka ka kai ɗaki. A 2013 wata cibiyar ƙasa da ƙasa ta sa Agbogbloshie, matattarar 'yan kwandam ta Accra, cikin wurare goma mafi guba a duniya, kuma gwaje-gwajen da aka yi wa 'yan'uwanka a can sun nuna dalma a jininsu fiye da kima. Tun 2016 akwai doka ta 917 a kan sharar lantarki da abubuwa masu haɗari. A watan Yulin 2021 kuma aka wayi gari da katafila ta rushe filin kwandam na Agbogbloshie gaba ɗaya. Wanda abin da ya iya shi ne hura wuta a wannan filin, ranar ya koma farko. Wanda ya iya gyaran firji ko janareta ko waya, ya ɗauki akwatin kayan aikinsa ya buɗe a wani wuri.

Ta fuskar kuɗi ma ka yi lissafi. Jan ƙarfen da aka feɗe yana fitowa da ƙyallinsa, kuma ka fi ni sanin cewa dila ya fi ba shi daraja a kan baƙin da ya sha wuta. Waya mai kauri wuƙa ko ƙaramin injin feɗewa ya ishe ta. Sirara ce ke buƙatar injin da ke daddatsa ta ya ware ƙarfe da roba, wannan kuwa ya fi ƙarfin mutum ɗaya, sai ƙungiya. In masu horaswar suna da wannan injin kuma za su bar ku ku riƙa amfani da shi, ka shiga ko don shi. Haka roba. Wanda ke sayar da ita a cakuɗe shi ne ke karɓar mafi ƙanƙantar farashi. Ka duba gindin kaya za ka ga lamba a cikin ɗan kusurwa uku: 1 gorar ruwa da lemo ce, 2 jarkoki da galan, 4 leda, 5 su bokiti da kujeru galibi, 3 kuwa bututun PVC ne, wanda in ya shiga cikin sauran ya ɓata narkin duka. In lambar ta goge, ka gutsura ka jefa a bokitin ruwa: 2 da 4 da 5 suna tasowa, 1 da 3 suna nitsewa. Ware ta launi-launi, wankewa, niƙawa, kowane mataki ƙarin kuɗi ne a kilo. A Ashaiman akwai Nelplast ta Nelson Boateng da ke narka leda da yashi ta buga tubalin daɓe. Batirin mota kuma kada ka fasa shi, kada ka zubar da ruwansa a ƙasa, ka sayar da shi yadda yake.

Ka je ka same su ka ce kai mai iyali ne, ba za ka iya barin aiki wata shida ba, ko za su bar ka ka riƙa zuwa kwana biyu a mako. Masu hankali a cikinsu sun san irinka sun fi saurin ɗauka, tunda ka riga ka san ƙarfe da hannu.

Tambaya: Baba, ni mace ce daga Asawase, shekarata 22, aurena ya mutu ina da ɗa ɗaya. Wani ya ce in ba shi kuɗin fom zai sa sunana a shirin dashe na gwamnati. In ba shi? Kuma mace tana da wuri a irin wannan aikin?

Amsa: 'Yata, kada ki ba shi ko pesewa. Hukumar YEA ta sha sanar da cewa ba ta sayar da fom. Ki ɗauki katinki na Ghana Card ki je ofishin Asembuli a Asokore Mampong da ƙafarki, ki tambayi teburin samar wa matasa aiki da na jin daɗin jama'a ko akwai shirin da aka buɗe. In ƙungiya ce mai zaman kanta, ki ce a nuna miki takardar rajistarta, ki kuma tambayi ɗan Asembulin unguwarku ko ya san da ita.

Wuri kuwa akwai shi har da saura. Gandun renon dashe a hannun mata yake: cika leda, cire 'yan tsirrai daga fangali, ban ruwa, aure. Mafi gwanintar masu auren lemo da na yi aiki da su mata ne, hannunsu ya fi natsuwa kuma ba sa gaggawar ɗauri. Aikin na sassafe ne, kafin azahar an tashi, kuma hijabi bai hana komai ba in kin sa gajere da takalmin ruwa. In kina da ɗinki, a Accra akwai Trashy Bags da ta daɗe tana wanke ledar piya wata tana ɗinka jakunkuna da ita. Amma ga mai ƙaramin yaro irinki na fi karkata ga noman naman kaza, wato laimar kwaɗi irin wadda ake ci. Garin katakon da ke jibge a Sokoban ana ƙona shi, shi ne ƙasar noman. Ana haɗa shi da dusar shinkafa da ɗan farar ƙasa a bar shi ya ruɓa, a ɗura a leda, a turara a cikin duro don kashe ƙwayoyin cuta, a sa iri a ajiye a ɗaki mai duhu har ledar ta yi fari fat, sannan a buɗe baki a riƙa yayyafa ruwa. Ɗan rumfa a bayan ɗaki ya isa. Tunda ba ya jure ajiya, ki fara neman mai saye a gidajen abinci da wajen masu kayan miya kafin ki ɗura leda ta farko, kuma ki fara da kaɗan. Cibiyar FORIG a Fumesua tana koyar da shi lokaci-lokaci, ki shiga motar Ejisu ki sauka a can ki tambayi ranar da za su sake buɗewa da abin da ake biya.